Karatun Gayya: Shawara Kan Ajiye Alamar Shafi Tare

Maganata ta shafi wata hasara ce da makaranta irin tamu ke yi kowace shekara, wadda ba ta shiga littafin ma'aji, don haka ba wanda ke tambayar lissafinta.

A ce aji mai ɗalibi arba'in an ba shi aikin bincike kan zazzaɓin cizon sauro, ko zaizayar ƙasa, ko tarihin zuwan bishara yankinmu. Kowane ɗalibi zai jira layinsa a ɗakin kwamfuta, ko kuma ya ari wayar yayansa lokacin hutu, ya ƙona kuɗin data, ya buɗe shafi goma marasa amfani kafin ya dace da guda ɗaya mai kyau. Na kusa da shi ma haka zai yi, ya faɗa cikin ramukan nan goma da ɗan'uwansa ya fito daga ciki jiya. In an gama aiki an ba da maki, sai kowa ya manta inda ya samo abin da ya rubuta. Baɗi kuma sabon aji ya zo ya fara daga tushe, kamar ba a taɓa yin binciken ba. 'Yan aji shida za su tafi da akwatunansu, su tafi kuma da duk hanyoyin da suka gano, ba su bar wa ƙannensu ko sawu ba.

Iyayenmu a ƙauye ba su yarda da irin wannan noma ba. In gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, gayya ake kira. Shawarata ita ce mu kira gayya a kan karatu, kuma kayan aikin yin haka sun daɗe da samuwa.

Kowa ya san alamar shafi. Wani zaren da ke jikin Littafi Mai Tsarki yake amfani da shi, wani guntun takarda, wani ma tsinken tsintsiya. Manhajar da ake shiga intanet da ita tana da irin wannan alama: ka danna, ta riƙe maka adireshin shafin domin ka komo. Amma alamar taka ce kai kaɗai, in kuma kwamfutar ta makaranta ce, mai yiwuwa a goge ta kafin mako ya zagayo. Abin da ake nufi da ajiye alamar shafi tare shi ne, a sami rumbu guda a intanet inda mutane da yawa ke zuba adireshin shafukan da suka karanta, kowane adireshi da sunan wanda ya kawo shi, da 'yan kalmomi na laƙabi masu nuna abin da ya ƙunsa, da ɗan bayani. Wanda ya zo daga baya sai ya nemi laƙabin, duk abin da na gabansa suka tara ya fito masa.

Wanda ya yaɗa wannan dabara wani Ba'amurke ne mai suna Joshua Schachter. Yana da jerin adireshi masu tarin yawa da ya ajiye wa kansa, har suka fi ƙarfin tunawa, sai ya riƙa liƙa wa kowanne kalma guda don ya iya gano shi. A 2003 ya buɗe shafin Delicious domin kowa ya yi haka a bainar jama'a. Abin ya karɓu ƙwarai. Kamfanin Yahoo ya saye shi a Disamba 2005, kuma zuwa ƙarshen 2008 masu shafin sun ce suna da mutum fiye da miliyan 5, da adireshi miliyan 180. Abin da ya ba mutane sha'awa shi ne, ba wani babban malami da ya zauna ya tsara rumbun. Kowa don amfanin kansa yake ajiya, amma in ka ga mutum ɗari sun ajiye shafi ɗaya ƙarƙashin laƙabi ɗaya, ka san akwai abin dubawa a wurin. In kuma ka lura wani mutum kullum abin kirki yake kawowa, sai ka riƙa bin sawunsa. Daga baya wasu suka fito musamman domin masu ilimi: CiteULike a 2004, sai Diigo a 2006, wanda ya ƙara da damar ja wa jimla layi a kan shafin da manna mata ɗan sharhi yadda 'yan ƙungiya za su gani. A cikin 2006 ɗin ne kuma wata cibiyar tarihi ta Jami'ar George Mason, a jihar Bajiniya ta Amurka, ta fito da Zotero, wanda zan komo kansa.

Kada iyayenmu na ikilisiya su ɗauka wannan baƙon abu ne da yaran zamani suka ƙago. Mu Kirista mun fi kowa cin moriyar irin wannan aiki. Littattafan da annabawa da manzanni suka rubuta ba su zo da lambar sura da aya ba. Surorin da muke amfani da su yau ana danganta su ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani maɗabi ne, Robert Estienne, ya sa su a bugunsa na 1551. A tsakanin waɗannan biyu, wajen shekara ta 1230, wasu 'yan zuhudu a birnin Faris ƙarƙashin Hugh na Saint-Cher suka raba wa junansu aiki, suka bi Littafi Mai Tsarki na Latin kalma kalma, suna rubuta duk inda kowace ta fito. Wannan shi ne kakan littafin neman ayoyi da fastocinmu ke ajiyewa a kan teburinsu. Duk ranar da mai wa'azi ya ce a buɗe sura kaza aya kaza, jama'a ɗari biyar suka same ta cikin minti guda, gumin waɗancan mutane muke ci. Sun yi alama ne domin wanda ba su taɓa gani ba.

To, amma a nan ne nake so a saurare ni da kyau, domin a nan ne yawancin masu gwada abin suke faɗuwa. Tarin adireshi kawai ba shi da wani amfani. Rumbun da aka cika da ƙaiƙayi, cikarsa ba ta ciyar da kowa. Darajar abin tana cikin ɗan bayanin da mai ajiya ya rubuta, saboda haka nake ganin a kafa doka: ba za a karɓi adireshi daga hannun ɗalibi ba sai da sunansa, da ranar da ya karanta, da layi biyu ko uku na hannunsa masu faɗin wanda ya rubuta shafin, da shekarar da aka rubuta shi, da abin da zai amfana wa mai karatu.

Bari in ba da misali daga darasin labarin ƙasa. Ɗalibin da ya nemi girman Tafkin Chadi zai ga lambobi masu karo da juna har kansa ya ɗaure. Dalili kuwa shi ne tafkin ba shi da zurfi, yana cika yana janyewa bisa ga damina da rani, da kuma yawan ruwan da kogin Shari ya kawo masa. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya rage shi da kusan kashi 90 cikin ɗari, daga baya kuma wani ɓangare na ruwan ya komo. Saboda haka shafi uku za su iya ba da lamba uku dabam, kowanne kuma da gaskiyarsa, in an san shekarar da yake magana a kai, da ko ya haɗa da fadamun da ciyayi suka rufe. Ɗalibin da ya ajiye adireshi kurum ya bar wa na bayansa ruɗani. Wanda kuwa ya rubuta cewa lambar wannan shafi ta lokacin fari ce, a gwada ta da ta shafi kaza, ya tsirar da aji guda daga kuskure, shi kansa kuma ya koyi abin da ba zai manta ba. Ba ya yiwuwa mutum ya rubuta layin nan uku ba tare da ya karanta ba. Malamin da ya duba su ya riga ya san wanda ya yi karatu da wanda ya leƙa kanu kawai.

Wani zai ce, ai muna yin haka a WhatsApp. Ana yi, ba musu. Amma wanda ya taɓa neman adireshin da aka turo wata uku da suka wuce ya san wahalar da ke ciki. Yana can binne ƙarƙashin barka da asuba, da katin biki, da sanarwar rasuwa, da gardamar ƙwallo. Ba laƙabi, ba tsari. In wayar ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya yi gaba da ita, sau da yawa shi ke nan. Ga shi kuma ƙungiyar ta 'yan aji ɗaya ce, ranar da suka gama makaranta ta zama wurin shirya taron tsofaffin ɗalibai, ƙannensu ba su da ƙofar shiga. Kasuwa wurin haɗuwa ce, ba a ajiye hatsin shekara a cikinta.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, wanda na san yana zuciyar malamai da dama. Suna tsoron abin zai ƙara wa malalaci lalaci, ya zo ya tarar an share masa hanya, ya kwafa ya miƙa. Wannan tsoro yana da tushe. Sai dai malalacin yanzu ma kwafa yake yi, a ɓoye, daga inda malam bai sani ba. In kuwa rumbun a buɗe yake, malam ya san kowane shafi da ke ciki, wanda ya kwashe jimlolin wani ya sa sunansa ba zai yi nisa ba. Gayya kuma tana da ka'idarta tun kaka da kakanni: wanda ba ya zuwa gonar wasu, ranar tasa ba ya ganin kowa. A sa wani kaso na makin aikin bincike a kan abin da ɗalibi ya ƙara wa rumbun, ko sabon shafi mai kyau, ko gyaran bayanin da wani ya yi ba daidai ba. Ni dai da zan ba gyara maki fiye da sabon shafi, domin ya fi wuya, ya kuma fi bukatar ladabi. Yaron da ya iya rubuta wa yayansa na aji shida cewa shekarar da ka sa ba ita ba ce, ga inda na duba, ba tare da raini ba, ya sami tarbiyyar da jarrabawar WAEC ba ta aunawa.

Dattawan ikilisiya su kuma damuwarsu dabam ce. Intanet cike yake da ƙazanta da koyarwar ƙarya, suna tambaya ko ba mu ne da kanmu za mu buɗe wa yara ƙofa ba. Amsa ita ce ana iya rufe rumbun, ba mai shiga sai wanda malami ya gayyata, kuma kome na ciki yana ɗauke da sunan wanda ya kawo. Mutum ba ya cika yin abin kunya a inda sunansa ke rubuce. Abin ƙazanta a goge shi nan take, a kira mai shi ofis. Amma shafin da kuskure ne kawai a cikinsa, ko mai da'awar cewa wani ganye na warkar da kowace cuta, ko mai murɗa aya don ta faɗi abin da ba ta faɗa ba, a ganina kada a goge shi. A bar shi, a liƙa masa laƙabin "hattara", a rubuta dalili a ƙasa. In an goge, yaro zai sake cin karo da shi a gida shi kaɗai, ba mai yi masa gargaɗi. Littafin Ayyukan Manzanni sura 17 ya yaba wa mutanen Biriya ne saboda sun auna wa'azin Bulus da Nassi kowace rana, alhali kuwa manzo ne. In an auna maganar Bulus, ina ga shafin da ba a san ma wanda ya rubuta shi ba? Wannan awo kuwa koyonsa ake yi, kuma gara a koye shi a gaban malami.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, bukatar ta ƙaru. Irin waɗannan manhajoji suna ba da amsa cikin harshe mai daɗi, wani lokaci kuma su ambaci littafi ko marubucin da babu shi a duniya. Ɗalibin da ya saba da tambayar wa ya faɗa, yaushe, a ina, ba zai haɗiye irin wannan ba sai ya tauna.

Wata 'yar matsala da za a tarar tun makon farko ita ce ta laƙabi. Wannan zai rubuta maleriya, wancan zazzaɓi, wani sauro, wani kuma ya sa da Turanci, sai abu ɗaya ya watse wuri huɗu. Mu masu Hausa muna da ƙarin tamu wahalar, domin wanda ya rubuta ƙasa da ƙugiya da wanda ya rubuta kasa ba ƙugiya, na'ura na iya ɗaukarsu kalmomi biyu. Maganin ba wuya. A farkon zango malamin darasi da mai kula da laburare su zauna da wakilan aji su tsayar da laƙabi kamar ashirin, a manna a bango, kowa ya fara sa ɗaya daga cikinsu kafin ya ƙara nasa.

Yanzu ga gargaɗin da ya sa na ba da tarihin Delicious tun farko. Shafin nan mai mutum miliyan biyar bai dawwama ba. A Disamba 2010 labari ya fita cewa Yahoo na shirin rabuwa da shi, mutane suka fara kwashe kayansu. A 2011 aka sayar da shi ga mutanen da suka kafa YouTube, ya ci gaba da sauya hannu, har a Yuni 2017 mai wani ƙaramin shafi da ake kira Pinboard ya saye shi kan dala 35,000, ya kuma hana ƙara sabon abu a ciki. CiteULike ya rufe a 2019. Google ya rufe nasa shafin alamomin a 2021. Pocket, wanda jama'a da yawa ke ajiye abin karantawa a cikinsa, Mozilla ta rufe shi a Yuli 2025. Ba ma rumbunan kaɗai ke rushewa ba, har gonakin. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Watau in 'yan aji ɗaya na bana suka ajiye adireshi kurum, kafin su gama jami'a wasu da yawa sun zama ƙofar da ba ɗaki a bayanta.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga Zotero. Kyauta ne, ƙungiyar da ba ta neman riba ce ke riƙe da shi, kuma ana sa shi ne a cikin kwamfutar kanta, don haka abin da aka tara yana nan ko da intanet ya ɗauke. In ka danna alamarsa yana ɗauko sunan marubuci da kanun rubutu da kwanan wata, yana kuma iya ajiye kwafin shafin yadda yake a ranar. Ana buɗe rumbun ƙungiya a cikinsa, a rufe ko a buɗe. Yana kuma jera wa ɗalibi sunayen littattafan da ya duba a ƙarshen aikinsa, abin da ke ba 'yan shekarar farko a jami'a ciwon kai. Wurin ajiyar fayil na kyauta megabait 300 ne, ba shi da yawa, saboda haka a yi tsimi da manyan takardu masu hotuna. Duk da haka ban ce a dogara gare shi ɗungum ba. Ƙarshen kowane zango a fitar da kwafin rumbun a sa a faifai biyu, ɗaya a ofishin shugaba, ɗaya a laburare. Abin da ya fi muhimmanci a ciki a buga shi a takarda.

Na san wani na murmushi yana cewa malam ya manta da halin wutar lantarki, da dokar hana riƙe waya a ɗakin kwana. Ban manta ba, kuma ba na neman a janye dokar. A sayi babban littafi mai bango mai kauri a ajiye a teburin laburare, a ja masa layi: kwanan wata, suna, adireshi ko sunan littafi da lambar shafi, laƙabi, bayani. Ranar da aka tada janareta, ɗalibai biyu da aka naɗa su shigar da abin da ya taru. Wannan ma ya fi, domin littattafan da ke kan kantocinmu, waɗanda ƙura ta rufe saboda ba wanda ya san abin da ke cikinsu, su ma za su shiga rumbun kafaɗa da kafaɗa da shafukan intanet.

Ƙofar kuma kada ta tsaya a kan 'yan makaranta. Malaman makarantar Lahadi, da shugabannin zumuntar mata da na matasa, kowannensu yana neman abin koyarwa shi kaɗai a daren Asabar. Tsofaffin ɗalibanmu da ke jami'o'i a Jos da Zariya da Maiduguri suna ganin abubuwan da mu ba mu gani, kuma layi uku daga hannunsu sau ɗaya a wata ba zai gagare su ba. Ku 'yan aji shida, kafin ku ɗaure akwati, kowa ya bar shafi ko littafi guda uku da suka fi taimakonsa wajen shirin jarrabawa, da bayaninsu.

Roƙo na ƙarshe ga hukumar makaranta ne. In an amince a buɗe rumbun, a buɗe shi da adireshin imel na makaranta, kada a yi da na wani malami, balle na ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara guda da mabuɗin a cikin kansa. A rubuta kalmar sirrin a takarda, a sa a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun filin makaranta, kuma mutum biyu su san da ita.